Yadda Tsando Ke Gane Inda Shanunmu Suke

Ina so in yi bayani a kan wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, tun ina saurayi ina bin mahaifina fatauci, Allah Ya jiƙansa.

Wata shekara mun sayi shanu talatin da 'yan kai a wajen Banyo muna koro su zuwa Ngaundere. Da la'asar sakaliya muka sauka kusa da wani kurmi domin mu yi salla mu ɗan huta. Wallahi lokacin da muka sauka ban ga ko ƙuda ɗaya ba. Amma kafin ruwan shayi ya tafasa sai ga shanu sun fara buga ƙafa suna kaɗa wutsiya, tsando ya rufe su. Muka tashi ba shiri. Da muka iso gida muka ajiye su muna jiran kasuwa ta yi kyau, ba a yi mako uku ba wasu suka fara rama, ido na hawaye, gashi ya tashi, ga kasala. Sammore ke nan. Bakwai daga cikinsu ba su ga kara ba. Na tambayi mahaifina, “Baba, wa ya gaya wa tsando muna nan?” Ya ce, “Warinsu ya ji.” Gaskiya ya faɗa, amma ni amsar ba ta ishe ni ba. Yaya ƙwaron da bai kai farcen yatsa ba zai ji warin saniya daga nesa, har ya san hanyar da zai bi ya same ta? Na yi ta damun likitocin dabbobi da wannan tambaya shekara da shekaru, ga abin da na tattara.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A makarantar Islamiyya, a darasin tsarki, an koya mana cewa ana gane ruwa ya canza da abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa, da warinsa. Launi aikin ido ne. Sauran biyun kuwa, watau ɗanɗano da wari, hanyarsu ɗaya ce, dole sai wani ɓangare na abin ya zo ya taɓa jikinka. Duk abin da ka ji warinsa, to wani ɓurɓushi nasa ne, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ya tashi cikin iska ya shigo hancinka. Masu ƙyanƙyami su yi haƙuri, amma warin kashin shanu da muke sha kullum a kara, kashin ne da kansa ke shiga hancinmu kaɗan-kaɗan. Shi ya sa dutse ba ya wari, fetur kuwa yana yi, domin ɗaya ba ya sakin komi, ɗayan yana ta tashi.

Abin da ke faruwa a cikin hanci

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana fasa kan sa ya ga wasu ƙasusuwa marasa kauri a naɗe kamar takarda a cikin hanci. Can ciki, wajen tsakanin idanu, akwai wata shimfiɗa a kansu mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin halitta waɗanda ba su da wani aiki sai jin wari. Kowace ƙwaya tana da 'yan gasu da ta shimfiɗa a cikin majina, a jikin gasun nan kuma akwai wasu furotin da zan kira su makarɓai. Makarɓi kamar kwaɗo yake, ɓurɓushin wari kuma kamar ɗan makulli. Idan saniya ta shaƙi iska, ɓurɓushin zai narke a cikin majina, in ya tarar da kwaɗon da ya dace da siffarsa sai ya shige.

To daga nan ne abin mamaki yake. Shigar ɗan makullin nan za ta motsa makarɓin, shi kuma ya taɓa wani furotin a cikin ƙwayar, wannan ya tada wani, shi kuma ya shiga ƙera wani sinadari ɗan aike da yawan gaske. 'Yan aiken su ne za su je su buɗe wasu ƙananan ƙofofi a bangon ƙwayar, sai sinadaran sodiyam da kalsiyam da ke cikin majina su kwararo ciki. Da yake waɗannan sinadarai suna ɗauke da lantarki, shigarsu za ta haifar da ɗan bugun lantarki, shi ne zai bi wata siririyar jijiya ya ratsa wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya, ya faɗa ƙwaƙwalwa. Kun san yadda mutum ɗaya zai raɗa wa dillali cewa wani mai saye ya sauko daga Gabon da kuɗi, kafin ka ce kwabo kara gaba ɗaya ta ɗauka, farashi ya tashi? Haka ƙwayar nan take yi da ɗan ɓurɓushi kaɗan, ta mai da raɗa ta zama shela.

Waɗanda suka gano asalin makarɓan nan mutum biyu ne a Amurka, wata mata Linda Buck da Richard Axel, a shekarar 1991, kuma an ba su kyautar Nobel a kan haka a 2004. An gano cewa kowace ƙwaya iri ɗaya tak na kwaɗo take ɗauke da shi. Mutum yana da irin kwaɗo kimanin 400. Kare kimanin 800. Saniya wajen 1,000 ko fiye, giwa kuwa kusan 2,000. Da na ji wannan na yi dariya, ashe a yawan iri saniyar da muke rainawa ta wuce kare. Sai dai yawan iri daban, kaifin ji daban, kada wani ya saki bijimi ya bi sawun ɓarawo.

Wani zai ce, in kwaɗo 400 ne kawai, yaya muke bambanta dubban ƙamshi da wari? Amsar ita ce wari ɗaya yakan buɗe kwaɗo da dama, kwaɗo ɗaya kuma yakan karɓi makulli fiye da ɗaya, ƙwaƙwalwa ita ke karanta haɗin. Baƙaƙen Larabci 28 ne, amma dubi yawan kalmomin da ake haɗawa da su. Sa'an nan ƙwayoyin nan suna gajiya. Kalsiyam ɗin da ya shiga shi ne kuma yake komawa ya rage buɗewar ƙofofin, shi ya sa baƙo zai shigo kara yana toshe hanci, mu da muka wuni a ciki ba mu jin komi.

Abubuwan da muke gani kullum

Kowa ya ga sa ya sunsuni fitsarin saniya, ya ɗaga kai sama, ya yaye leɓe kamar mai dariya. Yara suna cewa wari ne ya dame shi. A'a, aiki yake yi. Ban da hancin da muka sani, shanu da tumaki suna da wata gaɓa ta biyu, 'yan bututu biyu a kwance a ƙasan hanci, waɗanda hanyarsu take buɗewa ta saman baki, bayan dasashin nan na sama inda saniya ba ta da haƙora. Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Ludvig Jacobson, shi ya wallafa bayaninta a 1813, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Idan sa ya yaye leɓe, tura ruwan fitsarin yake yi cikin bututun, inda wasu makarɓai na daban za su gaya masa ko saniyar ta kusa neman barbara. Saniya takan nemi sa ne kusan kowane kwana 21, lokacin kuma gajere ne, a irin shanunmu masu tozo sau da yawa bai wuce rabin yini ba, yakan kuma faɗo cikin dare. Mai shanu zai iya kuskure shi, sa ba ya kuskurewa. In ka ga sa ya nace wa karsana ɗaya yana binta, to ka sa ido.

Haka nan uwa da ɗanta. Tunkiya tana haddace warin ɗanta cikin 'yan sa'o'in farko bayan haihuwa, daga nan duk ɗan da ya zo shan nono ba nata ba sai ta tunkuɗe shi. Fulani sun daɗe da sanin wannan. In maraƙi ya mutu sukan feɗe fatar su cusa mata ciyawa su ajiye gaban uwar, ta sunsuna ta lasa, sai ta saki nono.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye wajen lodi. A Faransa a 1998 an gwada karsanoni da fitsarin shanun da aka tsorata, da na waɗanda hankalinsu ke kwance. Inda aka sa fitsarin masu tsoro, karsanonin suka riƙa ɗari-ɗari, suka yi jinkirin zuwa ga abinci. Watau tsoro yana da wari a wurinsu. Saboda haka in an yi kokawa da sa na farko a bakin tirela ko taragon jirgi, an buge shi har ya saki fitsari, kada a yi mamaki in na bayansa suka cije. Bokiti biyu na ruwa a wanke wurin ya fi sanda goma amfani. Ni dai tun da na fahimci haka na hana yarana dukan sa na farko.

Harshe ma haka yake aiki, sai dai shi abin da ya narke a miyau yake karantawa. Iri biyar ne: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, da wani na biyar da wani Bajapane, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908, shi ne daɗin nan na romo da daddawa. Ɗaci gargaɗi ne, domin yawancin tsire-tsire masu guba suna da ɗaci. Gishiri kuwa ba ya bukatar dogon aike, sodiyam ɗinsa shiga yake yi kai tsaye ta ƙofar ƙwayar. Ciyawa ba ta da sodiyam sosai, shi ya sa in ya yi ƙaranci a jiki ƙwaƙwalwa take ƙara wa saniya kwaɗayinsa, ka ga tana lasar ƙasa da bango har da tsumma. Dalilin kanwa da manda ke nan, dalilin da ya sa ake kai garke rijiyar kanwar nan ta bakin kogin Vina da Fulani ke kira lahore, dalilin kuma da ya sa makiyayan Nijar suke haɗuwa a Ingal ƙarshen damina.

Har cikin jiki akwai irin waɗannan ƙwayoyi. A wuya, daidai inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, akwai wani ɗan ƙullutu, a jikin mutum bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana ɗanɗana jini dare da rana. In iskar oksijin ta ragu, ko gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa, watau kabon dayoksaid, ta yi yawa, sai ya aika wa ƙwaƙwalwa a ƙara numfashi. Corneille Heymans na Beljiyam ya sami Nobel ta 1938 a kan wannan. Amma akwai iskar da take wuce masu gadin nan duka, ita ce kabon monoksaid ta gawayi. Ba ta da wari, ƙullutun wuya ma ba ya ganin ta. Ina roƙon masu aje yara 'yan kore, a lokacin sanyin Adamawa a hana su kwana da gawayi a ɗaki rufe.

Mu komo kan tsando

Tsando ba shi da hanci irin namu. A goshinsa akwai 'yan ƙahonni biyu gajeru, a jikinsu akwai gasu ƙanana masu huji, a cikin kowane gashi akwai ruwa da ƙwayoyin jin wari. Ɓurɓushi ya shiga ta huji, wani furotin ya ɗauke shi ya kai shi ga makarɓi. Bambancinsa da na saniya shi ne a wurin ƙwari kwaɗon da ƙofar abu ɗaya ne, makulli na shiga ƙofa na buɗewa. Da aka karanta kundin gadon tsando a 2014 an tarar irin makarɓansa na wari ba su kai 50 ba. Kun ga kaɗan ne ƙwarai. To amma me zai yi da yawa? Ba ya shan fure, ba ya cin ganye, namiji da mace duk jini kawai suke sha. Ɗan abin da Allah Ya ba shi an saita shi ne a kan abincinsa.

Wanda ya fi kowa warware wannan al'amari shi ne Glyn Vale, a tashar bincike ta Rekomitjie da ke kwarin Zambezi, ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, cikin shekarun 1970. Dabararsa ta burge ni. Ya haƙa rami ya sa sa a ciki ya rufe, yadda tsando ba zai gan shi ba, sa'an nan ya sa fanka tana fitar da iskar ramin ta bututu, ya kafa ragar lantarki a bakin bututun. Tsando ya yi ta zuwa yana faɗawa. Ba ido, wari kawai. Da aka ƙara yawan shanu a rami, kamun ya ƙaru. Abin dariya kuma, da aka sa mutum tare da san, sai kamun ya ragu, ashe irin tsandon can warin ɗan Adam korarsa yake yi.

Daga nan aka shiga tace warin sa domin a san mene ne a ciki yake kiran tsando. Na farko kabon dayoksaid na numfashi. Na biyu asiton, wanda shi ma yana cikin numfashin shanu, shi ne kuma ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Na uku wani sinadari oktenol, wanda David Hall da abokan aikinsa suka tabbatar a 1984. Sai kuma wasu sinadarai dangin finol da ake samu a fitsarin shanu da na ɓauna, musamman wanda ya kwana biyu, domin ƙwayoyin bakteriya ne suke fitar da su in fitsarin ya fara ruɓa.

Yadda yake bi kuwa shi ne, tsando yana zaune a inuwa a jikin itace. Iska ta ɗebo warin garke ta kawo masa, kamar yadda take jan hayaƙi. Da ya ji sai ya tashi ya fuskanci inda iskar take fitowa. In warin ya ɓace masa sai ya juya ya nemo shi, in ya samu ya ci gaba. Warin sa guda yana iya jawo shi daga nisan da ya kusa mita 100, na garke kuwa ya fi haka. Sai ya matso kusa sa'an nan ido ya karɓi aiki. Ranar da na ji wannan bayani na tuna kurmin nan na hanyar Banyo. Mu da kanmu muka aika masa da goron gayyata, muka zauna da shanu talatin a bakin gidansa, a lokacin da ya fi jin yunwa, domin tsandon daji da safe da kuma yamma ya fi fita neman jini.

Ilmin nan bai tsaya a takarda ba. Tun 1973 wasu Faransawa biyu, Challier da Laveissière, suka ƙera tarkon ƙyalle a Bobo-Julaso. Daga baya aka tabbatar shuɗin ƙyalle yana jawo tsando, baƙi kuma shi ya fi son sauka a kai. Da aka haɗa ƙyallen da kwalbar asiton da oktenol da finol, kamun ya ninka sau da dama. Watau an yi saniyar ƙarya, ga launi ga wari, an shafa mata magani, ya zo ya sauka ya mutu. A Nguruman ta ƙasar Kenya, a ƙarshen shekarun 1980, makiyaya Masai da kansu suka riƙa ɗinka tarko suna sa masa asiton da fitsarin shanu, tsando ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Wani zai ce ƙyalle nawa za ka kafa ka ƙarar da ƙudan daji? Ai tsando ba kamar sauro yake ba. Ba ya zuba ƙwai ɗari-ɗari. Macen tana renon tsutsa ɗaya tak a cikinta, ta haife ta, sai bayan kwana 9 ko 10 ta sake haifar wata. Masana sun lissafa cewa in ana kashe kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na mata a kowace rana ba fashi, haihuwarsu ba za ta cike giɓin ba, sai su yi ta raguwa. Kalmar da za a riƙe ita ce ba fashi. Mu nan Adamawa mun ga misali. Gwamnatin Kamaru ta yi feshi ta sama daga 1976 zuwa 1994, aka ƙwato makiyaya mai yawa a wajen Tinyer da kewaye, amma duk inda aka yi sakaci da shingen tarko, ko aka riƙa shigo da shanu daga kwarin Faro ba tare da magani ba, tsando ya sami hanyar komowa. Ƙyallen da aka kafa a daji wani ya cire ya ɗinka riga, wani ya sa wuta ta cinye. Wannan laifinmu ne mu masu dabbobi, ba na kowa ba.

Sai dai a nan akwai abin da ya kamata a bambance, kada wani ya je ya zuba kuɗi a banza. Tsando iri-iri ne. Na daji, wanda yake bin fili mai itatuwa, shi ne mai bin wari sosai. Na bakin rafi, mai zama a kurmi, wari bai cika jansa kamar wancan ba, ya fi dogara da ido. Shi ya sa a yankin Mandul na ƙasar Cadi, daga 2014, 'yan ƙananan ƙyallaye shuɗɗa masu raga aka riƙa kafawa a bakin ruwa ba tare da kwalbar wari ba, suka kuma yi aiki ƙwarai, har a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ciwon barci ya daina zama barazana ga jama'ar Cadi. Saboda haka kafin a sayi asiton, a kama ƙudan a kai wa likitan dabbobi ya faɗi ko wane iri ne.

In wari yana kira, to wari yana kora. Maharba sun san gwambaza da ɗoyinta. Tsando ba ya son ta, ko tana kusa sai ya wuce ta ya tafi ga ɓauna ko gyadon daji. Masu bincike na cibiyar ICIPE da ke Nairobi suka tace warinta suka ware sinadarai huɗu, suka zuba a wani abin wuya suka rataya wa shanu a yankin Shimba Hills kusa da gaɓar teku. A sakamakon da suka fitar a 2017, sammore ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Saniya ce sanye da rigar gwambaza. A kan tsandon daji na Gabashin Afirka aka gwada shi, amma ina ganin ya dace ƙungiyarmu ta tambayi hukumar dabbobi ko za a gwada mana a nan. Domin allurar Berenil da Samorin da muka dogara da su tsofaffin magunguna ne, sun haura shekara sittin, kuma a wurare da dama cutar ta fara jure musu, ga jabu ya cika kasuwa.

Wani abu mai amfani da aka gano shi ne tsando ya fi zuwa ga manyan shanu, domin su suka fi fitar da numfashi da wari, maruƙa ba su cika shan cizo ba. Sa'an nan yawancin cizon a ƙafafu da ciki yake. Ke nan in kuɗin maganin feshi bai isa garke duka ba, a fara da manya, a fesa ƙafafu da ciki, a riƙa maimaitawa a kan kari. Magani kaɗan zai yi aikin mai yawa, kowane bijimi kuma ya zama tarko mai tafiya da ƙafarsa, da warinsa na gaskiya wanda ya fi na kwalba.

Kaska ita ma

Ba zan rufe ba sai na taɓo kaska, domin ita hancinta a ƙafa yake. A ƙarshen ƙafafunta biyu na gaba akwai wani ɗan rami mai gasu, da shi take jin numfashi da warin dabba. In ka gan ta a kan ciyawa ta ɗaga ƙafafun gaba tana lilo da su, sunsune take yi. Wadda ta fi yi mana ɓarna ita ce mai zane-zanen nan a baya mai dogon baki, wadda take lalata hantsa take kuma buɗe wa kirci ƙofa. Ita wannan maza ne suke fara kamawa. In sun sha jini na 'yan kwanaki sai su fara fitar da wani wari da yake kiran mata da sauran maza, mace kuma ba ta cika yarda ta kafa baki ba sai inda ta ji warin nan. To saniyar da aka bari da maza biyar a hantsa a farkon damina, ita ce za ta tara ɗari.

Masu bincike na cibiyar CIRDES a Bobo-Julaso sun lura cewa a wurin kiwo kaskar nan tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai da dare in saniya ta kwanta sa'an nan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Sai suka gina ɗan kwarmin siminti a bakin garke, aka zuba ruwan magani daidai idon sawu, shanu su ratsa ta ciki da yamma in sun dawo kiwo, duk bayan kwana biyu ko uku a farkon damina. Kaskar ta mutu kafin ta hau, tsandon da ke cizon ƙafa ma ya sami rabonsa. Kwarmi ɗaya zai ishi garke da yawa in maƙwabta suka haɗa kuɗi, kuma na nemi a sa maganar cikin abubuwan da za a tattauna a taronmu mai zuwa kafin ruwa ya sauka. Wanda yake da magini a hannu ya zo mana da lissafin siminti.